John Newton: Mai-fataucin Bayi Wanda Ya Sami Gafara

Tun daga gonar Adnin zunubi da kunya tare su ke tafiya. Cikin Farawa sura 3 mun karanta yadda Adamu da matatasa suka ji motsin Ubangiji Allah, suka ɓuya a cikin itatuwa. Har wa yau haka 'yan Adam su ke yi. Akwai 'yan'uwa da yawa cikin ekklesiyoyinmu waɗanda sun tuba, an yi musu baftisma, amma abin da suka aikata a dā yana nan yana cin zuciyarsu. In an ce su tashi su yi addu'a cikin taro sai su sunkuyar da kai. In an ba su wani aiki sai su ce ba su isa ba, gama suna tsoron kada wani ya tuna da tsohon halinsu. Saboda irin waɗannan mu ke so mu ba da labarin John Newton, mutumin Ingila, wanda ya ɗauki kaya mai-nauyi ƙwarai a bisa lamirinsa, duk da haka ya yi wa Ubangiji hidima har tsufansa.

Ƙuruciyarsa

An haifi Newton a Landan cikin watan Yuli na 1725. Ubansa kyaftin ne na jirgin fatauci a Bahar Rum, mutum mai-tsanani, ba ya kuma daɗewa a gida. Uwatasa Elizabeth mai-tsoron Allah ce. Ita ta koya masa karatu, ta sa ya haddace ayoyi da waƙoƙin yabo, tana kuwa fatan wata rana ya zama mai-wa'azi. Amma tarin fuka ya ɗauke ta a 1732, saura 'yan kwanaki yaron ya cika shekara bakwai. Bayan ya yi shekara biyu a makarantar kwana, ubansa ya tafi da shi teku yana ɗan shekara goma sha ɗaya.

Cikin shekarun nan ya sha gwada gyara kansa. Ya kan ji tsoron mutuwa, ya shiga azumi da karatun Littafi Mai-Tsarki, bayan 'yan watanni kuma ya koma gidan jiya. Tuban muzuru ke nan. A ƙarshen 1742 ya sadu da wata yarinya, Mary Catlett, a garin Chatham, ƙaunarta kuwa ta kama shi tun daga ran nan. A 1744 aka kama shi da ƙarfi aka sa shi aikin sojan ruwa cikin jirgin yaƙi mai-suna Harwich, gama haka al'adar Ingila ta ke a lokacin yaƙi. A can wani abokin aiki ya rinjaye shi ya yar da sauran bangaskiyarsa ɗungum. Shi kuma bai tsaya ga kansa ba, sai ya kama wani saurayi mai-suna Job Lewis ya yi ta yi masa ba'a har ya raba shi da tsoron Allah. Mu riƙe sunan nan, gama za mu sake gamuwa da shi.

A 1745 Newton ya gudu daga jirgin. Aka kamo shi, aka tuɓe shi gaban dukan jama'ar jirgi, aka yi masa bulala, aka rage masa girma. Baƙin ciki ya cika shi har ya yi tunanin ya kashe kyaftin sa'an nan ya faɗa teku. Tunawa da Mary ne ya tsare shi.

Baran bayi

Da jirgin ya kai tsibirin Madeira aka yi musanyarsa, ya koma wani jirgi mai-zuwa Afirka ta Yamma garin sayen bayi. A nan ma bai zauna lafiya da kowa ba, gama ya kan ƙaga waƙoƙin zambo a kan kyaftin ya koya wa matuƙa. Sai ya sauka ya shiga hidimar wani mai-fataucin bayi, Amos Clowe, a tsibiran Plantain kusa da gaɓar Saliyo, yana tsammani zai yi arziki.

Abin da ya tarar dabam ne. Zazzaɓi ya kwantar da shi sa'ad da maigidansa ya yi tafiya, uwargidan kuwa ta ƙi shi, ta hana shi abinci, ta maishe shi abin dariya. Yunwa ta kan sa ya fita da dare ya tono saiwa a gona ya ci ɗanya. Abin da ya kamata mu lura da shi ke nan: bayin da ke ɗaure cikin sarƙa, suna jiran a sayar da su, su ne su kan kawo masa abinci a ɓoye daga cikin ɗan abin da a ke ba su. Ya ci alherinsu, bayan shekara biyar kuwa ya komo gaɓar nan yana kyaftin, yana sayen 'yan'uwansu.

Ubansa bai daina nemansa ba. Ya roƙi wani abokinsa attajiri a Liverpool ya sa kyaftin-kyaftin nasa su bincika. A farkon 1747 jirgi mai-suna Greyhound ya same shi, ya ɗauke shi. Jirgin ya yi kusan shekara yana bin gaɓa yana sayen zinariya, da hauren giwa, da kakin zuma, da itacen rini. Cikin dukan tafiyar nan ba wanda ya kai Newton saɓo. Har matuƙan da bakinsu ya saba da ashar su kan yi mamakinsa.

Hadiri a teku

A kan hanyar gida, cikin tekun Atlantika, ran 10 ga Maris 1748, babban hadiri ya auka musu da dare. Newton ya farka ya ga ruwa ya cika ɗakinsa. Yana cikin hawa sama sai kyaftin ya aike shi ya koma ya kawo wuƙa. Mutumin da ya hau a madadinsa, nan take raƙumin ruwa ya share shi, ba a ƙara ganinsa ba. Gefen jirgi ya fashe. Suka yi ta toshe ramuka da tufafi da barguna, Newton kuwa yana kwarfar ruwa tun kafin asuba har tsakar rana, an ɗaure shi da igiya don kada ruwa ya tafi da shi. Cikin wannan hali ne bakinsa ya furta roƙon jinƙai ga Ubangiji, abin da bai yi ba shekaru da yawa. Maganar ta ba shi tsoro shi da kansa, gama ya tambayi zuciyarsa ko akwai sauran jinƙai domin mutum irinsa.

Daga baya aka sa shi riƙon akalar jirgi, ya sami zarafin tunani. Ayoyin da uwatasa ta koya masa suka komo masa, amma waɗanda suka fara zuwa na hukunci ne. Ya tuna da Misalai sura 1, inda hikima ta ƙi amsa wa waɗanda suka ƙi kiranta. Ibraniyawa sura 6 da sura 10 kuma suka tsorata shi, ya ga kamar ƙofa ta riga ta rufe. Akwai Sabon Alkawari cikin jirgin, ya shiga karantawa. Luka 11:13 ta ba shi ƙarfin hali ya roƙi Ruhu Mai-Tsarki, labarin ɗa ɓatacce cikin Luka 15 kuwa ya zama masa kamar madubi. Mako huɗu suka yi suna shawagi, abinci yana ƙarewa, kyaftin yana cewa Newton ne Yunana na jirgin. Ran 8 ga Afrilu suka shiga mashigin Lough Swilly a ƙasar Ailan, abincinsu na ƙarshe yana kan wuta.

Mutane su kan ce wanda ya tuba don wuya ba lada. Gaskiya ne tsoro kaɗai ba ya sāke zuciya, Newton ma ya gwada wannan sau da yawa. Amma ɗa ɓatacce yunwa ce ta fara tuna masa da gida, uban kuwa bai kore shi saboda haka ba. Allah ya kan karɓi wanda wuya ta koro, in dai ya zo gare shi da gaske. Tun daga lokacin nan saɓo ya fita bakin Newton. Bayan an gyara lissafin kwanaki a Ingila a 1752 ranar hadirin ta zama 21 ga Maris, ya kuwa kiyaye ta kowace shekara da addu'a da godiya har tsufansa.

Makantar da ta rage

A nan ne masu-ba da labarinsa su kan yi sauri su wuce, amma ba daidai ba ne mu yi haka. Newton bai bar cinikin bayi ba bayan hadirin. A shekarar nan ta 1748 ya shiga jirgin bayi mai-suna Brownlow yana mataimakin kyaftin. Ya auri Mary a watan Fabrairu na 1750, sa'an nan ya yi tafiya uku yana kyaftin: ɗaya da jirgin Duke of Argyle, biyu da jirgin African, yana kwasar mutane daga gaɓar Afirka zuwa tsibiran Antigua da St Kitts. Littafin da ya riƙa rubuta al'amuran jirgi a ciki yana nan har yanzu. A ciki ya rubuta da hannunsa yadda bayi suka mutu da zawo da zazzaɓi, da yadda ya sa aka matse yatsun waɗansu da ƙarfe domin su tona asirin masu-shirin tawaye. Ran Lahadi kuwa ya kan tara matuƙa ya karanta musu addu'a, mutane ɗaruruwa suna kwance cikin mari a ƙarƙashin ƙafafunsa.

Yaya wannan ya yiwu? Dokar ƙasa ta halatta cinikin, manyan mutane suna cin ribarsa, ba safai a ke jin mai-tsawatawa ba. Newton ya ga aikin ba shi da daɗi, ya kan roƙi Allah ya ba shi wani, amma bai gan shi zunubi ba. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa a shekarun nan bai zama mai-bi sosai ba tukuna. Wannan gargaɗi ne gare mu. Zunubin da dukan gari ke yi shi ne ya fi wuyar gani, mutum kuwa yana iya barin ashar da maye alhali yana taka maƙwabcinsa.

Kafin tafiyarsa ta ƙarshe ya sake gamuwa da Job Lewis a Liverpool. Ya tarar irin da ya shuka ya yi girma. Ya tafi da shi domin ya komo da shi ga hanya, amma Lewis ya kan mayar masa da maganganun da shi Newton ya koya masa a dā. A gaɓar Afirka zazzaɓi ya kama Lewis, ya mutu cikin fid da zuciya. Wannan ɓarna ce wadda Newton bai iya gyarawa ba har abada.

A St Kitts, a 1754, ya sadu da wani kyaftin mai-bi, Alexander Clunie, wanda ya yi makonni yana bayyana masa Littafi, ya nuna masa cewa tsayawarsa gaban Allah tana bisa aikin Kristi, ba bisa ƙoƙarin kansa ba. Cikin Nuwamba na shekarar, saura kwana biyu ya sake tashi, yana shan shayi da matatasa sai ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci suka hana shi tafiya. Ciwo ne ya fitar da shi daga cinikin bayi, lamirinsa bai farka a kan wannan ba tukuna.

Makiyayi a Olney

A 1755 ya sami aikin kwastan a Liverpool. Ya riƙa sauraron wa'azin George Whitefield, ya koya wa kansa Helenanci da Ibrananci. Ya nemi a naɗa shi mai-hidima cikin Ekklesiyar Ingila, aka yi ta ƙinsa shekara da shekaru, sai a 1764 aka naɗa shi, aka aike shi Olney, ƙaramin gari na matalauta masu-saƙa. A shekarar nan ya buga labarin ransa, bai ɓoye saɓonsa da lalatarsa ba. Mutane suka yi ta zuwa jin tsohon matuƙin nan har aka ƙara wa masujada wurin zama.

A bangon ɗakin karatunsa ya sa aka rubuta ayoyi biyu. Ta fari Ishaya 43:4 ce, mai-maganar daraja da ƙaunar da Allah ya ba mutanensa. Ta biyu Kubawar Shari'a 15:15, inda aka umurci Isra'ila su tuna dā su bayi ne a Masar, Ubangiji kuwa ya fanshe su. Kowace safiya idonsa ya kan faɗa a kan su biyu tare. Asirin zamansa ke nan. Da ya tuna da zunubinsa kaɗai, da ya nutse. Da ya manta da shi, da ya yi girman kai.

Tunawar nan ta sa ya zama mai-taushin hali ga raunana. Abokinsa William Cowper, mawaƙi, ya zo Olney a 1767. Cowper yana da ciwon baƙin ciki mai-tsanani, ya kan ɗauka Allah ya yashe shi. Da ciwon ya tashi a 1773, Newton da Mary suka riƙe shi a gidansu fiye da shekara guda suna jiyyarsa. Su biyu ne suka shirya littafin waƙoƙin Olney wanda ya fito a 1779, da waƙoƙi 348, yawancinsu na Newton. A ciki akwai wadda a ke kira Amazing Grace da Turanci, wato alheri mai-ban mamaki. Ya shirya ta domin wa'azin ranar sabuwar shekara ta 1773, bisa addu'ar Dawuda cikin 1 Labarbaru 17:16-17, inda sarkin ya zauna gaban Ubangiji yana mamakin yadda aka kawo shi har wurin nan.

Ranar wanka

A 1780 ya koma Landan, ekklesiyar St Mary Woolnoth. Cikin Disamba na 1785 wani saurayi ɗan Majalisar Dokoki, William Wilberforce, ya zo wurinsa a asirce, zuciyarsa a dame, yana tunanin barin majalisa. Newton ya ba shi shawara ya zauna inda ya ke ya bauta wa Allah a can. Wilberforce ne ya zama jagoran yaƙi da cinikin bayi cikin majalisa.

A lokacin nan idon Newton ya riga ya buɗe. Yana da suna, yana da girma, ba wanda ya tilasta masa ya tone abin da ya wuce. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cikin Janairu na 1788, shekara talatin da uku da ɗoriya bayan ya bar teku, ya buga ɗan littafi a kan cinikin bayi na Afirka. A ciki ya yarda cewa furcin nan ya makara, ya kuma ce abin zai zama masa dalilin ƙasƙantar da kai muddin ransa. Ya bayyana yadda a ke jera mutane a cikin jirgi ba wurin juyawa, da wari da zafi, da wulakancin da a ke yi wa mata, da yadda a lissafinsa wajen ɗaya cikin huɗu su kan mutu. Ya ƙaryata masu-cewa mutanen Afirka ba su da tausayi ko gaskiya, gama ya zauna cikinsu ya sani. Aka aika wa 'yan majalisa littafin, shi kuma ya je ya ba da shaida da bakinsa gaban masu-bincike na gwamnati. Abin da ya fi jin kunyarsa shi ne ya zama makami a hannun Allah, domin ba mai-iya ce wa tsohon kyaftin bai san abin da ya ke faɗi ba.

Mary ta rasu a Disamba na 1790 bayan doguwar jiyya. Newton ya ci gaba da wa'azi har ya wuce shekara tamanin, idonsa ya dushe, tunaninsa ya raunana. Ya kan gaya wa masu-ziyara cewa ko da ya manta da kusan kome, abu biyu ba su ɓace masa ba: girman zunubinsa da girman Mai-cetonsa. Ran 25 ga Maris 1807 dokar hana cinikin bayi cikin jiragen Ingila ta tabbata. Ran 21 ga Disamba na shekarar ya rasu, yana da shekara 82. Shi ya tsara rubutun da za a sa don tunawa da shi, ya fara da ambaton kafircinsa da lalatarsa da zamansa baran bayi a Afirka, sa'an nan jinƙan Yesu Kristi wanda ya kiyaye shi, ya gafarta masa, ya sa shi wa'azin bangaskiyar da dā ya yi ƙoƙarin rushewa.

Abin da mu ke koya

Gafara ba mantuwa ba ce. Newton bai manta ba, bai kuwa ce abin ƙarami ne ba. Tubansa bai komo da ko mutum ɗaya daga gonakin rake ba, bai ta da Job Lewis ba, kuma shirun da ya yi na shekaru da yawa laifi ne. Ba mu ba da labarinsa domin mu wanke shi ba. Kristi ne ya wanke shi, bisa ga alkawarin 1 Yohanna 1:9, da tamanin jininsa.

Akwai kunya iri biyu, kamar yadda Bulus ya rarrabe baƙin ciki iri biyu cikin 2 Korinthiyawa 7:10. Ɗaya ta kan kori mutum zuwa cikin itatuwa kamar Adamu, ta rufe masa baki, ta ce masa ba shi da amfani. Ɗayar ta kan kai shi gindin giciye, ta bar shi da tawali'u da buɗaɗɗen baki. Yahuda da Bitrus duka sun yi wa Ubangiji laifi a dare ɗaya. Ɗaya ya tafi da kayansa shi kaɗai ya hallaka, ɗaya ya komo aka ba shi kiwon tumaki. Wanda ya tabbata an riga an biya bashinsa yana iya duban takardar bashin ba tare da rawar jiki ba. Saboda Newton ya san ba sauran hukunci a kansa, kamar yadda Romawa 8:1 ta koya mana, shi ya sa ya iya tsayawa gaban dukan Ingila ya faɗi abin da hannunsa ya aikata.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ka ke ɓoyewa, ka kai shi ga Ubangiji da sunansa. In akwai wanda ka cuta, yana kuwa da rai, ka je ka nemi gafararsa, ka mayar da abin da ke mayaruwa kamar Zakka. Abin da ba shi gyaruwa kuma ka bar shi a hannun Mai-shari'a wanda shi ne Mai-ceto. Mu kuma da mu ke ekklesiya, kada mu riƙa tuna wa mai-tuba abin da Allah ya riga ya yafe.

Tambayoyi domin taro

1. Ku karanta Zabura 32:1-5. Mene ne ya sami Dawuda sa'ad da ya yi shiru, mene ne kuma ya same shi da ya furta?

2. Newton ya yi shekara shida cikin cinikin bayi bayan ya fara addu'a. Waɗanne zunubai ne jama'armu ta saba da su har ba mu ganinsu?

3. Ku karanta 1 Timothawus 1:12-16. Don me Bulus ya ambaci tsohon halinsa, ga shi kuwa an gafarta masa?

4. Ina bambanci tsakanin tunawa da zunubi domin godiya da tunawa da shi domin fid da zuciya?

5. Yaya za mu karɓi ɗan'uwan da dukan gari ya san abin da ya yi a dā?